Kibod ɗaya, kebul ɗaya, amma kowace kwamfuta da yadda take karɓar baƙonta

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa tsakanin masu haɗa kiɗa a kwamfuta, wai me ya sa kibod ɗin kiɗa, mai maɓallai irin na fiyano, da ya yi aiki lafiya lau a wannan na'urar da an kai shi waccan sai ya yi gum, ko ya yi aiki amma sautin ya riƙa zuwa a makare, ko manhaja ɗaya ta gan shi ɗayar ta ce ita sam ba ta san da zamansa ba. Yawanci kibod ake ɗora wa laifi ko manhajar haɗa kiɗan, wani har ya rabu da kayansa ya nemo wani kuma matsalar tana nan daram. Ni dai abin da na gano bayan na daɗe ina fama da wayoyi da direbobi shi ne rigimar ba a kibod take ba, ba kuma a cikin manhajar ba, tana tsakaninsu ne, wajen babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato Windows ko macOS ko Linux. Su ne masu tsaron ƙofa, kuma kowanne da halinsa.

Sai an fara gane abin da ke bi ta cikin kebul ɗin tukuna. Ba sauti ba ne. Mutane da yawa nan suke fara ɓata, suna zaton muryar fiyano ce ke gudu cikin wayar, alhali saƙo ne kawai ɗan ƙarami mai cewa an danna maɓalli mai lamba kaza da ƙarfi kaza a tasha kaza. Wannan yaren shi ne MIDI, kuma tsoho ne, a Janairun 1983 aka fara nuna shi a baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Amurka inda aka jona sintisaiza biyu, wato kayan kiɗan da ke ƙirƙirar sauti da lantarki, Prophet-600 na kamfanin Dave Smith da Jupiter-6 na Roland, kamfanin Ikutaro Kakehashi, wannan ya taɓa wancan ya amsa. Saƙon danna maɓalli bayit uku ne kacal, wato guntayen bayani uku kowanne mai bit takwas, na farko ya faɗi irin saƙon da tashar da za shi cikin tashoshi 16, na biyu lambar maɓallin daga 0 zuwa 127 inda C ta tsakiyar fiyano take lamba 60, na uku ƙarfin dannawa shi ma har 127. A tsohon kebul mai zagayayyen kai da ƙusa biyar gudunsa bit 31,250 ne a sakan, kenan saƙo ɗaya na cin kusan milisakan ɗaya, in ka danna maɓalli goma lokaci guda to ba tare za su isa ba, layi za su bi ɗaya bayan ɗaya. Abin burgewar shi ne wannan yaren bai canza ba, sintisaizar 1985 da wadda aka ƙera bara suna jin maganar juna. To in yare ɗaya ne ina rikicin yake fitowa?

Yana fitowa ne daga cewa manhajar haɗa kiɗa, ko FL Studio ce ko Cubase ko Ableton Live ko Reaper ko Logic, ba ta taɓa kibod ɗinka da hannunta. Ba a barinta ma. Da can a zamanin kwamfutar nan Atari ST na 1985, wanda ya zo da ramukan MIDI a jikinsa, manhaja kusan kai tsaye take magana da ƙarfen, babu wasu ayyuka ɗari da ke gudu a bayan fage, shi ya sa har yau tsofaffin hannu suke yabon daidaiton lokacinsa, kuma a kansa Cubase ya fara fitowa a 1989. Yanzu kuwa sai saƙo ya bi ta USB, direba, wato 'yar manhajar da ke jin maganar na'urar, ya karɓa, babbar manhaja ta ajiye shi a wata ƙofa, sannan manhajarka ta je ta ƙwanƙwasa ta ce a ba ta. Ɓangaren USB ɗin ma da sauƙi, tun 1999 aka fitar da ƙa'idar yadda kayan MIDI za su gabatar da kansu, duk na'urar da ta bi ƙa'idar ba ta buƙatar direba na musamman, ka soka kawai a gane ta a ko'ina. Bayan an gane ta ne hanyoyi suke rabuwa.

A wajen Apple abin ana kiransa CoreMIDI, ya zo tare da Mac OS X a farkon shekarun 2000, kuma gaskiya duk wanda ya zauna ya tsara shi ya san halin makaɗa. Akwai wani mai shiga tsakani guda ɗaya da ke zaune a bayan fage, shi kaɗai ke riƙe da kayan kiɗan, duk manhajar da ke so sai ta yi rajista a wajensa, in kibod ya aiko saƙo sai ya kwafa ya miƙa wa kowa nasa. Saboda haka ka buɗe manhajar haɗa kiɗa, ka buɗe wata ta gyaran muryoyin sintisaizar, ka buɗe ta uku ta koyon fiyano, duk su ji kibod ɗaya babu faɗa. Kuma yana ba kowace na'ura lambar shaida ta dindindin, in ka cire kebul ba ya mantawa da ita, ka leƙa manhajar saiti ta Audio MIDI Setup za ka ga hotonta ya dusashe kawai yana jiran ta dawo. A ciki akwai IAC, wato kebul na ƙarya da ke haɗa manhaja da manhaja ba tare da wata waya ba, akwai aika MIDI ta hanyar sadarwar kwamfutoci tun fitowar sigar Mac OS X mai suna Tiger a 2005, sai Bluetooth da ya shigo a 2014. Duk a ƙofa ɗaya, manhaja ba ruwanta ko ta kebul saƙon ya zo ko ta iska. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa ake cewa Mac ba ya ba da wahala a sitidiyo, ba wani sihiri ba ne kuma ba wai ƙarfensa ya fi ba, tsarin ƙofar ne.

Windows kuwa labarinsa daban, kuma a nan zan ɗan daɗe don nan mafi yawan mutane suke. Hanyar da kusan duk manhajojin kiɗa ke bi su yi magana da MIDI a Windows ana ce mata WinMM, ta samo asali tun farkon shekarun 1990 zamanin Windows 3, lokacin da ba wanda ke tunanin mutum zai buɗe manhajojin kiɗa biyu lokaci guda balle ya cire na'ura ya maida kwamfuta na kunne. Direban da Windows ke ba na'urorin USB masu bin ƙa'ida ya shafe shekara da shekaru mutum ɗaya yake yi wa hidima, wanda ya riga buɗe ƙofar shi ke da ita har sai ya saki. To kwatanta abin a ranka, ka kunna kwamfuta, ka buɗe wata 'yar manhajar fiyano ka ɗan gwada kibod ka ji yana aiki, ba ka rufe ta ba sai ka buɗe babbar manhajar aikinka, ka shiga saituna ka ga sunan kibod ɗin ɓaro-ɓaro a jeri, ka danna a kunna shi sai ta ce ba za a iya buɗewa ba, ko ma ta ce wai babu isasshen wurin ajiya wanda ba shi da alaƙa da gaskiyar lamarin, ko ta yi shiru kawai fitilar shigowar saƙo ba ta motsi. Kibod lafiyarsa ƙalau, kebul lafiyarsa ƙalau, waccan 'yar manhajar ce ta kulle ƙofa ta riƙe makulli. Wani lokacin ma burauza ce, don Chrome tun 2015 yana iya buɗe kayan MIDI, shafi ɗaya da ka manta a buɗe ya isa. Wasu kamfanonin kayan kiɗa sun rubuta nasu direbobin da ke yarda a shiga da yawa, shi ya sa za ka ji wani ya rantse shi bai taɓa ganin wannan matsalar ba, ai ba ƙarya yake ba, direbansa ne daban.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ci mini rai don ƙaramin abu ne mai ɓata babban aiki. A WinMM na'ura ba ta da wata shaida sai lambarta a jeri da sunan da bai wuce harafi 31 ba. Lambar jeri kuwa ba ta da amana, ka ƙara na'ura ɗaya ko ka cire, na biyu ya koma na uku. Dole manhaja ta dogara da suna, sunan ma in na'urar ba ta da lambar siriyal, wato lambarta ita kaɗai daga kamfani, a cikinta, wanda da yawa ba su da ita, to da ka canza mata ramin USB sai a ɗauke ta sabuwar baƙuwa a liƙa mata 2 a gaban suna. Kai a wajenka kibod ɗinka ne na jiya, a wajen manhaja wani ne daban, duk abin da ka ɓata dare kana ɗaurawa, wannan maɓallin ya riƙa ɗaga murya wancan ya buɗe matatar sauti, sai ka tarar babu ko ɗaya da ke amsawa. In kuma kana da na'urori biyu iri ɗaya sak to sai addu'a, yau wannan ne na ɗaya gobe wancan. Shi ya sa nake ganin shawarar nan ta a ware wa kowace na'ura raminta kar a riƙa canzawa ba camfi ba ce, tana da tushe. Kuma a tsohon tsarin babu kebul na ƙarya a ciki kamar IAC, sai ka nemo loopMIDI na Tobias Erichsen, wanda wallahi ya cancanci godiya, mutum ɗaya ya toshe gurbin da ya daɗe a buɗe, da shi ma ake zagaye matsalar kulle ƙofa, manhaja ɗaya ta karɓi kibod ta rarraba wa saura.

Ba wai Microsoft ba su yi yunƙuri ba. Sun kawo DirectMusic a ƙarshen shekarun 1990, daga baya aka bar shi. A Windows 10 sun kawo sabuwar hanya wadda ke yarda da shiga da yawa kuma tana ganin kayan Bluetooth, amma manhajoji kaɗan ne suka koma kanta, irin su Cakewalk, saura suka zauna a tsohuwar, sakamakon shi ne za ka haɗa kibod ta Bluetooth, Windows ya ce an haɗa, manhajarka kuma ba ta gani don ta wata ƙofar take leƙe. Gyara na gaske shi ne Windows MIDI Services da suka yi da haɗin gwiwar AMEI, ƙungiyar masu ƙera kayan kiɗan lantarki ta Japan, a buɗe aka rubuta shi a GitHub kowa na gani, ya fara isa hannun masu gwajin Windows 11 a 2025. Dabararsa ita ce irin ta Apple, a saka mai shiga tsakani ɗaya, sannan a karkatar da tsohuwar WinMM ta bi ta wajensa, ta yadda tsohuwar manhaja ma ba tare da an taɓa ta ba za ta iya raba kibod da wata. A ganina wannan ne abu mafi muhimmanci da ya faru a wannan fagen cikin shekaru ashirin, ya fi duk wani sabon fulogin, wato 'yar manhajar murya da ake ɗorawa cikin manhajar haɗa kiɗa, sai dai ba ya da ƙyalƙyali shi ya sa ba a maganarsa.

Linux shi kuma matsalarsa ba rashi ba ce, yawa ne. ALSA, tsarin sauti na Linux da Jaroslav Kysela ya fara a 1998, tana ba da ƙofa biyu zuwa na'ura ɗaya, akwai ɗanyar hanya inda manhaja ke karɓar bayit yadda suka fito kuma ita kaɗai, in ta riƙe kowa sai ya ji an ce na'ura na cikin aiki, sannan akwai ta biyu mai tsara saƙonni wadda ke barin kowa ya jona da kowa, ka buga umarnin aconnect ka ga kowane kaya da lambarsa kamar 20:0 ko 24:0 ka haɗa su yadda ka ga dama, kebul na ƙarya kuwa kyauta ne kowace manhaja tana iya buɗe nata. A saman wannan sai JACK na Paul Davis ya zo da nasa MIDI ɗin daban wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauti, daidaitonsa ba a magana, amma manhajar da ke jin yaren JACK ba ta ganin wadda ke ALSA sai an saka gada irin a2jmidid. Mutum sabo sai ya ga kibod a wannan jerin babu shi a wancan ya rasa ta ina zai kama. PipeWire na Wim Taymans, wanda Fedora 34, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta fara sakawa a matsayin na asali a 2021, shi ya zo ya tattara su a inuwa ɗaya, kuma abin ya yi sauƙi sosai tun daga nan.

To yanzu ka saka kanka a matsayin mai rubuta manhajar da ake so ta yi aiki a duk ukun. Ba zai rubuta komai sau uku ba, sai ya yi shimfiɗa ɗaya a tsakiya mai cewa kawo jerin na'urori, buɗe wannan, ga saƙo ya shigo, aika wancan, a ƙarƙashinta kuma a fassara wa kowace babbar manhaja da yarenta. Wasu suna rubuta tasu, wasu su ɗauki wadda aka riga aka yi kamar RtMidi na Gary Scavone ko PortMidi ko JUCE da Julian Storer ya ƙirƙira wanda fulogin masu ɗimbin yawa ke zaune a kansa. Illar shimfiɗa irin wannan ita ce tana daidaita kanta da mafi rauni. In a wuri ɗaya babu lambar shaida ta dindindin, sai a dogara da suna a ko'ina, in a wuri ɗaya ba a iya buɗe ƙofar ƙarya sai a ce wannan damar ta masu Mac da Linux ce kawai. Kuma nan za ka gane dalilin wasu halaye da ke ba mutane haushi. Reaper ba ya kunna na'ura da kansa sai ka shiga ka ce a kunna, Ableton Live yana sa ka zaɓa ko ƙofar ta kiɗa ce ko ta daidaita lokaci ko ta sarrafa maɓallai, Logic kuwa da yake tun da Apple ta sayi Emagic, kamfanin da ya ƙera shi, a 2002 ya bar Windows, tun asali yake haɗiye duk abin da ya shigo ba tambaya. Wanda ya san in ya buɗe ƙofa ya hana wasu dole ya yi taka-tsantsan, wanda ba shi da wannan damuwar sai ya buɗe duka. Haka kuma fayil ɗin aiki da ka fara a wannan tsarin ka kai wancan, notocin da ka yi rikodin suna nan lafiya, amma layin da ke cewa aika wa sintisaiza kaza ta ƙofa kaza sai ya zo fanko don sunan ƙofar ba ɗaya ba ne a can.

Amma duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da maganar lokaci, don kiɗa ai lokaci ne. Manhaja ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, kashi-kashi take yi, ta cika ɗan ma'aji da ake kira bafa ta miƙa wa katin sauti ta koma ta cika wani. In kana aiki a ɗigo 48,000 a sakan da bafa mai 256, kowane kashi milisakan 5.3 ne, in 128 ne 2.7, in ka kai shi 1024 don kwamfuta ta huta ya zama 21 da ɗoriya. Shi kuwa yatsanka bai san da wani bafa ba, yana sauka ne a tsakiyar kashi ko ƙarshensa ko duk inda ya faɗa. To a ina za a saka notin? Hanyar ragwanci ita ce duk abin da ya shigo a jibge shi a farkon kashi na gaba, sai ya zama wani noti ya jira milisakan ɗaya wani ya jira ashirin, ka buga ganga daidai amma ka saurara ka ji tana ɗingishi, kuma ba ka iya nuna inda laifin yake. Hanyar kirki ita ce a duba tambarin lokacin da aka buga wa saƙon sa'ad da ya shigo, a ajiye shi a daidai gurbinsa cikin kashi na gaba, kowa ya makara amma makara iri ɗaya. Kunne da hannu suna sabawa da jinkiri mai tsayawa wuri ɗaya, ai sauti ma a iska kusan santimita 34 yake ci a milisakan, wanda ya tsaya mita uku daga lasifika yana cikin jinkirin kusan milisakan tara kuma yana kiɗansa lafiya. Abin da ba a sabawa da shi shi ne jinkiri mai rawa.

Wa ke buga tambarin, da wane agogo? Nan ma kowa da nasa. CoreMIDI yana amfani da agogon cikin kwamfuta mai tsananin ƙanƙanta, irin wanda ɓangaren sauti ma ke dubawa, kuma manhaja na iya miƙa saƙo tun da wuri ta ce a fitar da shi a lokaci kaza. WinMM milisakan cikakke yake ƙirgawa daga sa'ad da aka buɗe ƙofar, wajen fitarwa kuma yawanci da ka ba shi yake turawa, kenan manhaja ce za ta tsaya da agogo a hannu ta farka a kan kari, alhali sautin yana bin agogon katin sauti ta ASIO, tsarin direban sauti wanda Steinberg masu Cubase suka ƙirƙiro don a zagaye jinkirin hanyar sauti ta Windows. Agogo biyu kuwa ba sa tafiya daidai har abada. Shi ya sa a Cubase na Windows akwai wani ɗan akwati da ake dannawa a zaɓi tambarin lokacin da za a yarda da shi, kuma wanda ya taɓa yin rikodin ya ga notocinsa sun zauna gaba da inda ya buga su ya san amfaninsa. JACK shi ya yanke gardamar gabaɗaya, saƙo yana zuwa da lambar ɗigon sautin da ya dace da shi a cikin kashin. Ƙari a kan haka USB kansa yana da nasa bugun, na'urori masu matsakaicin gudu duk milisakan ɗaya ake zagayowa kansu, Bluetooth mai ƙarancin cin batir kuwa mafi gajeren tazararsa milisakan 7.5 ne, shi ya sa aka cusa tambarin lokaci cikin saƙonninsa. Inda abin ke fitowa fili shi ne in kana so injin ganga na waje ya bi manhajarka, agogon MIDI bugu 24 yake aikawa a kowane taku, a gudun taku 120 a minti kenan bugu 48 a sakan, in suna isa da rawa sai injin ya riƙa sauri yana jan ƙafa.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai, mutum ya gwada kibod da muryar fiyanon da ke zuwa cikin Windows, Microsoft GS Wavetable Synth, ya ji sauti na zuwa bayan ya ɗaga yatsa sai ya ce MIDI na da nauyi. Saƙon ya iso tuntuni, hanyar fitar sautin ce doguwa.

Ko bayan saƙo ya shiga manhaja tafiyarsa ba ta ƙare ba, saura ya isa ga fulogin da zai fitar da muryar, nan ma akwai iyakoki. Fulogin iri-iri ne, samfurin VST na Steinberg ya fito a 1996, a 1999 aka ba shi damar karɓar MIDI, daga nan kayan kiɗa suka fara komawa cikin kwamfuta. Logic ba ya ɗaukar komai sai AU, Pro Tools sai AAX, a Linux akwai LV2, sai CLAP da Bitwig da u-he suka fitar a 2022. VST3 ya ɗauki wata hanya da har yau ake gardama a kanta, ba ya miƙa wa fulogin ɗanyen MIDI, notoci ya maida su nasa irin saƙon, saƙonnin fedal da na maɓallan juyawa kuma sai an ɗaura su a kan wani saiti na fulogin. Saboda haka fulogin ɗaya na kamfani ɗaya zai iya amsa canjin murya daga kibod a wannan sigar ya ƙi a waccan, a kwamfuta ɗaya ma.

Sai dogayen saƙonni da ake kira SysEx, waɗanda ake kwashe muryoyin sintisaiza da su ko a sabunta mata manhajar cikinta. Na taɓa zama da wata tsohuwar sintisaiza ina so in adana muryoyin da na ɗauki watanni ina gyarawa kafin a canza mata batirin ciki, na jona ta da wani kebul mara suna mai USB a gefe ɗaya da kawunan MIDI biyu a ɗayan, notoci suna wucewa lafiya har na saki jiki, na sa ta turo muryoyin gabaɗaya fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf fayil ya fito. Allah ya taimake ni na duba girmansa, na sake turawa sai ya fito da wani girman daban, na uku ma daban. Ɗan ma'ajin da ke cikin kebul ɗin ne ke cika yana zubar da bayit a hanya ba tare da ya ce uffan ba. Na gwada a kwamfuta biyu masu tsari daban abu ɗaya ne, sai da na aro akwatin MIDI na kirki sannan lambar ta tsaya wuri ɗaya sau uku a jere. Na kawo wannan ne don kar a ce komai laifin babbar manhaja ne, in matsala ta bi ka duk inda ka je to ka duba abin da ke hannunka.

Wayoyin hannu a gurguje, iPhone da iPad CoreMIDI ɗin nan dai suka gada tun 2010, Android sai a 2015 da fitowar Marshmallow ya samu tasa hanyar a hukumance. A burauza Firefox ya bi sahun Chrome a 2022, Safari har yanzu bai buɗe wannan ƙofar ba.

MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020 shi ne ya tilasta wa kowa ya koma ya taɓa harsashinsa. Ƙarfin dannawa ya tashi daga mataki 128 zuwa 65,536, tashoshi sun zama rukuni 16 kowanne da 16, kowane noti na iya lanƙwasa muryarsa shi kaɗai, kuma magana ta zama ta ɓangare biyu, manhaja na iya tambayar na'ura ke wace ce me kike iyawa ta ba da amsa. Amma saƙonnin sun canza siffa zuwa ƙunshi mai bit 32 har zuwa 128, wanda tsofaffin ƙofofin bayit-bayit ba za su iya ɗauka ba. Apple ta fara sakawa a CoreMIDI tun 2020, Android 13 ya karɓa ta USB a 2022, Linux ya shigar a kanel 6.5, wato ƙashin bayan tsarinsa, a 2023 da aikin Takashi Iwai, na Windows kuma shi ne wancan sabon mai shiga tsakanin. Yanzu babbar manhaja ta ƙara aikin tafinta, sabon kibod ya yi magana da sabon yare ita ta rage shi zuwa tsoho don tsohuwar manhaja ta gane. Kenan kana iya riƙe da kibod mai MIDI 2.0, babbar manhajarka ta gane shi sarai, amma in manhajar haɗa kiɗan ko shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ko fulogin ɗin ɗayansu bai koyi sabon yaren ba, abin da zai isa ga muryar fiyanon lamba ce tsakanin 0 da 127 kamar yadda take a 1983.